Ranar da Dudu Ta Nemi Tambari

A zamanin da, tun ana ciniki da wuri, ana auna arzikin mutum da yawan rumbunansa, an yi wani Sarki ana ce da shi Barmo. Mutum ne mai kwarjini, ba ya dariya a fada, ba ya kuma janye maganar da ya riga ya furta. Yana da wani miki a zuciya wanda tsofaffin gari kaɗai suka san asalinsa. Tun yana ƙarami ubansa ya saki uwarsa, ta tafi da shi ƙauyen iyayenta, uban kuwa ya manta da su. Can Barmo ya girma da riga ɗaya, yana ganin uwarsa tana aikawa a roƙo mata hatsi a gidan da ta haifa wa ɗa, ana dawo mata da ƙwarya wofi.

Da sarauta ta zo hannunsa, sai ya sa sankira ya zagaya gari da shela: "Sarki ya gaishe ku. Ya ce duk wanda ya rabu da uwar 'ya'yansa, cinsu da shansu da suturarsu da wurin kwanansu suna wuyansa, kamar yadda shari'a ta ajiye. Bayan wannan kuma, duk abin da uwar ko waliyyinta ya nema da sunan yaro, uban ya kawo shi kafin kasuwa ta sake ci. Wanda ya kasa, a zura shi Rijiyar Yari."

Rijiyar nan tsohuwa ce, ta daɗe da ƙafewa, tana bayan gidan yari. Da igiya ake saukar da mutum, da igiya ake saukar masa da ɗan abin da zai ci. Wanda ke cikinta ba ya ganin rana sai ta take tsaka.

Da fari dokar ta yi daɗi. Yaran da aka yasar suka sami riguna, iyayen da suka yi kunnen uwar shegu suka tuna da hanyar gidan surukansu. Amma ba a jima ba sai masu kwaɗayi suka gane cewa an ba su wuƙa da nama. Yayye da kawunnai suka riƙa shiga gaban mata suna neman shanu da gonaki da sunan jarirai. Maza suka fara sulalewa daga gari, su bar 'ya'yan ba ƙarin da aka nema, ba ko ci da suturar da suka saba samu. Waɗansu suka ƙi sakin matan da zama ya riga ya ƙare tsakaninsu, suka bar su ba aure ba zawarci. Kasuwa ta yi sanyi, fatake suka sake hanya, kowa na magana ƙasa-ƙasa.

Muhutin garin, wato malamin da alƙali ke neman fatawa wurinsa, shi ne Malam Zayyanu, kuma surukin Sarki ne, don 'yarsa Dudu tana gidan sarauta, har ta haifa wa Sarki ɗa mai suna Baƙo. Wata rana Malam ya tashi a fada ya ce, "Allah ya ba ka nasara, dokar da ba ta da iyaka ba doka ba ce, ambaliya ce." Bai rufe baki ba Sarki ya ɗaga hannu. Dogarai suka tafi da tsohon, aka zura shi rijiya da rawaninsa. A ranar kuma Sarki ya saki Dudu, ta goya ɗanta ta koma gidan ubanta.

Waziri Haladu yana zaune duk aka yi wannan, idonsa a ƙasa. Dattijo ne mai dabara, ya yi wa uban Sarki waziranci, amma tun daga ranar nan ba abin da ke fitowa daga bakinsa a fada sai "Gaskiya ne, Zaki." In ya ji takun dogari a ƙofar gidansa, sai ruwan da ke hannunsa ya zube.

Ana nan, wata rana da hantsi, wata mace ta shigo masa ta cikin gida, ta wajen matansa, don kada a gan ta a ƙofar zaure. Tana goye da yarinya wadda ta isa tafiya da ƙafarta, an ɗaure mata ido da ƙyalle. Ta durƙusa.

Waziri ya ce, "'Yata, daga ina?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, sunana Larai. Ni ƙanwar Mantau ce, Sarkin Dogarai."

Waziri ya waiwaya ya dubi ƙofa. Mantau shi ne mai riƙe da igiyar rijiya. Waziri ya ce, "Yi magana a hankali."

Larai ta ce, "Tsohon mijina shi ne Tanimu marini. Mun rabu ba zagi ba duka, zama ne ya ƙi. Bai taɓa fashin aiko da hatsi da sutura ba. Da idon 'yarmu Tabawa ya fara ciwo, na ce wa Yaya Mantau ya gaya masa a kai ta wajen wani mai maganin ido da ke ƙetaren kogi. Sai Yaya ya ce in yi shiru, shi ne waliyyina, shi ya san abin da za a nema. Ya nemi mundayen azurfa, Tanimu ya kawo. Ya nemi goɗiya, wai yarinya za ta hau, Tanimu ya sayar da shuninsa ya kawo. Sa'an nan ya ce a rubuta wa Tabawa karofin da suke rini, gaba ɗayansa. Karofin kuwa na gado ne, shi da 'yan'uwansa, ba shi da ikon bayarwa. Jiya aka zura shi."

"Mundayen fa, da goɗiyar?"

"Mundaye suna hannun matar Yaya. Goɗiya tana turkensa. Ya ce in na buɗe baki, zai ce ni na ɓoye kayan, in bi Tanimu." Ta kwance goyon, ta zaunar da yarinyar a gabanta. "Baba Waziri, da safe yanzu sai ta shafa fuskata take gane ni."

Waziri ya ce ta koma gida, kada ta gaya wa kowa ta zo. Aka kawo masa abinci ya kasa ci. Ya san in ya tunkari Sarki da gaskiya tsirara, inda Malam Zayyanu yake nan zai kwana. Ya kuma san in ya yi shiru, yarinyar za ta makance. Da la'asar ta yi, ya yafa tsohon mayafi, ya bi ta lungu ya nufi gidan Malam Zayyanu, ya nemi ganin Dudu.

Ta saurare shi daga bayan asabari har ya gama faɗin dabararsa. Ta ce, "Waziri, ka san abin da kake nema in yi? Mutumin nan ya jefa ubana a rami saboda magana ɗaya."

Ya ce, "Na sani. Amma bai taɓa karya dokarsa a gaban jama'a ba, kuma dokar ta ba ki baki. Ke ma uwar ɗa ce da aka saka."

"In ya karya ta a kaina fa? Wa zai riƙe Baƙo?"



Sa'an nan Dudu ta ƙara da cewa, "Zan je, don ubana ba zai kai damina a wurin nan ba. Amma da sharaɗi. In ya tambayi wanda ya sa ni, za ka tashi tsaye. Ba za ka zauna kana kallon tabarma ba kamar ranar da aka tafi da Baba."

Maganar ta soke shi. Ya ce, "Zan tashi."

Kashegari fada ta cika. Aka yi wa Dudu iso kamar kowace mai ƙara. Ta shigo a lulluɓe, ta durƙusa nesa da karaga, muryarta ƙasa-ƙasa har sai da sankira ya maimaita abin da ta ce.

"Allah ya ba ka nasara, na zo neman ƙari da sunan ɗanka Baƙo. Ci da sutura suna isowa, na gode. Amma yaron ya ji ana buga tambarin sarauta, yana ta kuka shi yake so ya yi wasa da shi. Ina neman a kai masa tambari gidanmu kafin kasuwa ta ci."

Tambari kuwa shi ne sarautar kanta. Gidan da ya kwana, can mulki yake. Fada ta yi tsit, har ana jin kukan tattabarun da ke kan soro. Fadawa suka sunkuyar da kai, kowa na gudun kada idonsa ya haɗu da na Sarki. Mantau ya matso da dogaransa yana jiran a ɗaga hannu.

Sarki Barmo bai ɗaga hannu ba. Ya ce a hankali, "In na ba da tambari na sauka daga mulki. In na hana, dokata ta ce a zura ni rijiya. Wannan ba tunanin mai fushi ba ne, tunanin mai ƙulli ne. Dudu, wa ya sa ki?"

Waziri ya dafa ƙasa, ya dafa kafaɗar na kusa da shi, ya miƙe da ƙyar. Ya ce, "Ni ne, Zaki."

Sarki ya dube shi har gumi ya jiƙa wa tsohon rawani. Sa'an nan ya ce, "Ka ɗaure ni da igiyata, Haladu. To, tun da iyaka kake so a sa wa dokar, zan yi maka tambayoyi uku. In amsarka ta bar ƙofar da uba zai bi ya yasar da ɗansa, kai da ita yau za ku sauka rijiya."

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ni dabara gare ni, ba ilmi ba. Mai ilmin yana ƙarƙashin ƙasa. In Zaki ya yarda a fito da shi, da wani marini da aka zura shekaranjiya, a kuma kira uwar 'yarsa. In amsarmu ba ta gamsar ba, igiya ɗaya ta ishe mu duka."

Sarki ya ba da izini. Aka jawo Malam Zayyanu, aka kawo shi a kan kafaɗun dogarai don ƙafafunsa sun kumbura, yana kare fuskarsa daga haske. Aka kawo Tanimu, hannuwansa baƙi ƙirin da shuni, tafukan sun sassaɓe don ya yi ta ƙoƙarin hawan bango. Aka shigo da Larai da 'yarta. Da Larai ta hangi yayanta tsaye da sanda, sai ta ja da baya kamar za ta gudu.

Sarki ya ce, "Ta farko. Bukata da kwaɗayi duk da sunan yaro suke zuwa. Yaya za a bambanta su?"

Malam Zayyanu ya nemi ruwa, ya kurɓa, ya ce, "A ɗauki abin da aka nema ɗaya bayan ɗaya, a yi masa tambaya guda: in ba a yi shi ba, me zai sami yaron? In aka hana jikana tambari, me zai same shi?"

Sarki ya ce, "Zai yi kuka ya gaji."

"To, a tambayi matar nan abin da aka nema wa 'yarta."

Duk ido ya koma kan Larai. Mantau ya yi gyaran murya, ya buga gindin sandarsa a ƙasa. Waziri ya tako ya tsaya tsakaninta da yayan nata, har ya kare mata shi, ya ce, "'Yata, Sarki kike gani, ba kowa ba." Sai ta fara, tana yi tana sarƙewa, ta faɗi mundaye, ta faɗi goɗiya, ta faɗi karofi, ta faɗi inda kowanne yake.

Malam ya ce, "In an hana ta mundaye?"

Larai ta ce, "Ba abin da zai same ta."

"Goɗiya fa?"

"Tsoron doki ma take yi."

"To, me kika nema da bakinki?"

Sai Larai ta kwance ƙyallen da ke fuskar yarinyar. Idanun sun kumbura, wani farin abu ya fara rufe baƙin. Tabawa ta saki kuka saboda haske. Tanimu, wanda bai san ciwon ya kai haka ba, ya rarrafo ya rungume ta yana cewa, "Ba wanda ya gaya mini. Wallahi ba wanda ya gaya mini."

Malam ya ce, "Ga bukata, ga kwaɗayi, Allah ya ba ka nasara. Magani, da karatu, da koyon sana'ar da yaro zai rayu da ita, waɗannan ƙari ne da ke hawa kan uba. Abin ado da na alfahari, wanda ya so shi ya saya da dukiyarsa."

Sarki ya ce, "Ta biyu. Bukatar ta tabbata, uban ya ce ba shi da shi. Kowane mugun uba haka yake cewa."

Malam ya ce, "Alƙali ya aika a dubi rumbunsa, a tambayi abokan sana'arsa. In yana da shi ya ɓoye, a ɗauka daga dukiyarsa ko yana so ko ba ya so, a sayar a yi wa yaro magani. In kuwa ba shi da shi, ba a ɗora wa jaki kayan raƙumi. Ya kawo gwargwadon ƙarfinsa, baitulmali ya cika sauran. Kada a taɓa gonar da yake nomawa ko kayan sana'arsa, don daga nan hatsin gobe zai fito. Marinin da ke cikin rijiya ba ya rini, kuma 'yarsa ce ke kwana da yunwa."

Sarki ya gyara zama. Ba wanda ya iya karanta fuskarsa. Ya ce, "Ta uku. Wa zai ce wannan bukata ce? In aka bar wa uba, zai ce babu. In aka bar wa uwa, ga abin da muka gani."

Malam ya ce, "Ba shi ba, ba ita ba, ba kuma waliyyi ba. Uwar ta faɗa wa uban da bakinta, ko ta bakin wanda ta zaɓa, tun kafin a kashe kome. In sun daidaita, shi ke nan. In sun saɓa, su je gaban alƙali, shi kuma ya kira dattijan matan unguwa waɗanda suka san yaron. Sai fa abin da ba ya jira, kamar zazzaɓi mai zafi ko saran maciji. Wannan ta yi, daga baya uban ya biya. Abin da uba ya ƙara kuma don jin daɗinsa kyauta ce. In ya ba da rago bana, ba ya zama bashi baɗi, don in kyauta ta zama tilas, kowa zai riƙe hannunsa."

Waziri yana tsaye yana laluben amsoshin nan ko akwai ƙofar da aka bari a buɗe. Dudu ta ƙanƙame gefen mayafinta. Daga ƙarshe Sarki ya ɗaga hannu, dogarai suka zabura, mutane da yawa suka rufe ido.

Sarki ya nuna Mantau ya ce, "A kwance masa rawani."

Nan take aka kwance. Sarki ya ce a je gidansa a zare mundaye, a kwance goɗiya, a sayar da su a yi wa yarinya guzurin tafiya, shi kuma a raka shi bakin iyaka, kada ya sake kwana a ƙasar. Ya ce a fito da duk wanda ke cikin rijiya, alƙali ya sake duba maganar kowa bisa amsoshin Malam. Wanda aka karɓe wa dukiya da sunan yaro alhali yaron bai gan ta ba, a mayar masa. Wanda kuma aka samu yana da hali ya hana, a ɗebi hakkin yaro daga rumbunsa a ranar. Ya sa sankira ya fita da sabuwar shela tun kafin fada ta tashi.

Sa'an nan ya juya ga Dudu ya ce, "Har yanzu ana neman tambari?"

Ta ce, "Allah ya ba ka nasara, na janye. Na baro Baƙo yana bin kazar maƙwabta."

Wani bafade ya yi dariya, ya yi maza ya haɗiye ta. Sarki ya ce daga yau duk abin da Baƙo zai bukata fiye da ci da sutura, Dudu ta aiko masa, in sun saɓa su je gaban alƙali kamar kowa. Ya sauko daga karaga da kansa ya kama hannun Malam Zayyanu, ya sa aka kai shi gida a kan dokinsa. Waziri kuwa bai sami ko kallo ba, kuma bai nema ba. Ya kai zaurensa da ƙyar, ya zauna a ƙasa.

Da gari ya waye, Tanimu da Larai suka kama hanyar kogi, tare da wata gwaggonta da za ta yi mata rakiya. Ba su koma aure ba, ba wanda ma ya yi zancen. Ita ta hau jaki da yarinyar, shi yana gaba yana jan akala. Suka yi kwanaki a wurin mai magani, sa'an nan suka dawo, suka biya ta gidan Waziri don su yi godiya.

Tabawa ta shigo da ƙafarta, ba ƙyalle a fuskarta. Ta dubi tsohon, ta karkata kai gefe guda don ta gan shi sosai. Idon dama ya washe sarai. Na hagu ya yi fari fat.

Tanimu ya ce, "Mai magani ya ce da mun zo tun farkon ciwon, da duka biyun sun tsira. Amma mun gode wa Allah, mun gode maka."

Waziri ya ce, "Ku gode wa Dudu da ubanta." Ya jawo yarinyar ya dafa kanta.

Masu ba da labari sun ce tun daga ranar, in Sarki ya yanke magana a fada kuma Waziri Haladu ya ga akwai gyara, yakan dafa ƙasa ya miƙe kowa na gani, ya faɗi abin da zai faɗa. A nan hikayar ta tsaya, kamar yadda na ji ta a bakin waɗanda suka riga mu.